Ritayar Hajiyar Ƙofar Tsamiya

Litinin, 7 ga Fabrairu 2005, bayan La'asar

Yau Injiniya Taufiq ya leƙo ɗakin aikina ya yi mini tambayar da na daɗe ina jiran wani ya yi. Shi ne shugaban sashenmu yanzu, ko da yake lokacin da na kama aiki a ofishin ruwan nan bai gama firamare ba.

"Malam Sammani, wai dole ne sabon butloda ya ɗauki Hajiya?"

Na ce zan duba. Na faɗa ina kallon taga, kamar wanda abin bai dama ba.

Don amfanin jikokina, in sun tsinci littafin nan suna neman takardar ƙunshe ƙosai: kowace ƙofar ruwa a kanal ɗinmu na ban-ruwa tana da na'urar da ke buɗe ta da rufe ta a kan lokaci, don kowane sashen gonaki ya sami rabonsa. Butloda kuwa ɗan guntun rubutu ne a ƙwaƙwalwar na'urar, shi ke tashinta idan an kunna ta. Ni ladan nake ce masa. Ya tashe ta, ya tabbatar ta san ranar da ake ciki da ƙarfe nawa, ya miƙa ta ga babban shirin, ya yi shiru. Ba mai tunawa da shi sai ranar da ya makara. Turawan da suka kafa abin sun tafi sun bar mini shi, tun daga nan ni nake yi masa faci.

An sa wa duk ƙofofi sababbin na'urori, ban da Ƙofar Tsamiya da ke wajen Bunkure, saboda injin ɗaga ƙofarta tsohon yayi ne, ba ya jituwa da na yanzu. Na'urar wurin ita ce Hajiya. Manoma ne suka raɗa mata, wai don ta jirgi ta zo. Ranar sha huɗu ga Maris sabon jadawalin rabon ruwa zai fara aiki, kuma ba ya shiga na'urar da ba ta da sabon ladan.

Ciyaman ɗin manoman Ƙofar Tsamiya Alhaji Fatihu ne. Wannan bai shafi maganar ba. Na rubuta ne don cikar bayani.

Talata, 8 ga Fabrairu, da hantsi

Na duba, kamar yadda na yi alkawari. Ƙwaƙwalwar Hajiya ƙarama ce, sabon ladan kuwa ya yi ƙiba. Irinta babu sauran mai ƙerawa. Duk gyaran da na yi wa sababbi sai na koma na yi wa ita kaɗai nata daban, kamar gidan da ake dafa wa tsohuwa tuwo ba gishiri. Fitilar da nake goge ƙwaƙwalwarta da ita ma ta ƙone tun bara.

Duk hujjojin nan gaskiya ne. Abin da ya fi faranta mini rai ke nan: ban buƙaci in yi ƙarya ko ɗaya ba.

Laraba, 9 ga Fabrairu, bayan Magariba

Yau ban tuna da taron Janairu ba. Sai sau ɗaya, ina alwala.

Juma'a, 11 ga Fabrairu, da yamma

A Kura na yi Juma'a. Da na dawo matata Saude ta ajiye mini abinci ta tsaya a kaina.

"Baban Ilham, masallacin Bunkure rushewa ya yi?"

"Limamin Kura ya fi iya huɗuba."

"Tun yaushe? Da bakinka ka ce barci yake sa ka."

Shekara ashirin da wani abu da aure, mace ta riƙa ajiye maganganunka kamar daddawa, sai ranar miya ta ciro.

Ba zan rubuta abin da mutumin nan ya faɗa ba. Abin da ya faru dai sananne ne: wata rana a Janairu Hajiya ta suma, ƙofa ba ta buɗe ba, tumatir ɗin mutane ya kwana da ƙishi yana tsakar fure. Aka kira taro a gindin tsamiya. Alhaji Fatihu ya miƙe, ya gyara babbar riga, ya nuna ni da yatsa a gaban mutanen da nake sahu ɗaya da su. Kalma biyu ce. Mijin Ilham yana wurin, ya sunkuyar da kai. Ya ƙara da cewa kowa ya san gonar ƙanina a wace ƙofar take, kuma ranar nan ita ta ƙoshi.

Ba zan rubuta ba. Tawada tana da daraja.

Litinin, 14 ga Fabrairu, bayan Azahar

Na miƙa wa Taufiq rahoto. Na yi shi da Turancin da nake ajiyewa don bukukuwa. Na nuna cewa ci gaba da ɗaukar nauyin Hajiya ɓata lokacin hukuma ne, kuma sabon ladan ba zai taɓa shiga cikinta ba. Na ja layi a ƙarƙashin "ba zai taɓa ba".

Ya karanta yana gyaɗa kai. "Wallahi Malam, ban zaci za ka yarda ba. Ai cewa ake 'yarka ce."

"Ita ma 'ya akwai ranar da ake kai ta ɗakinta, Injiniya."

"To in an cire ta, ƙofar ta koma ta hannu ke nan. Ƙungiyar manoma ta riƙa buɗewa da kanta."

Na ce haka doka ta tanada. Na fito ina ji kamar an sauke mini buhu.

Ina ta hasko shi. Alhaji Fatihu da tumbinsa, tsakar ranar Maris, yana murɗa sitiyarin ƙofa, gumi na bin gemunsa, manoma sun kewaye shi kowa na ihun ranar ruwansa ce. Duk tsiron da ya yi yaushi, shi. Duk rigimar da ta tashi, shi. Ya ɗanɗana yadda yatsa yake idan ta kansa aka miƙo.

Na karanta tarihin masu mulki da dama da suka hukunta gari ta hanyar toshe masa rijiya. Kullum ina ganin rashin fasaharsu. Ga ni, ban toshe komai ba. Takarda na rubuta.

Alhamis, 17 ga Fabrairu, da safe

Barci mai daɗi. Na ƙara koko.

Asabar, 19 ga Fabrairu, bayan La'asar

Labari ya isa Ƙofar Tsamiya. Yau an kawo mini kwandon tumatir har gida, manya, jajaye, ba ko tabo, wai in ji Ciyaman, a gaida Malam da aiki.

Ga shi nan. Ya fara roƙo. Bai iya zuwa da ƙafarsa ba, sai ya turo tumatir ya yi masa biko. Na ce wa Saude ta rabar wa maƙwabta, ba na son ko ɗaya a miyata.

Ta ce, "Mutumin da ya zage ka a bainar jama'a ya aiko maka da kyauta, kai kuma kana murna?"

"Ba murna nake ba. Nazari nake."

"To nazarin nan naka har haƙora yake da su."

Talata, 22 ga Fabrairu, da rana

Mun yi kaciɓis da shi a kasuwar Bunkure, wajen masu walda. Na shirya fuskar da zan karɓi ban-haƙuri da ita. Na daɗe ina gwada ta a madubi: ba fushi, ba sakin fuska, irin ta alƙalin da ya riga ya ci abinci.

Shi kuwa ya taho da hannu biyu a buɗe. "A'a, Malam Sammani! Injiniyan injiniyoyi! Ai mun ji aikin da ka yi. Allah ya saka da alheri. Tsohon abu ai sai haƙuri."

Ya riƙe hannuna ya ƙi saki. Bai ambaci Janairu ba. Fuskar da na shirya ta rasa inda za ta zauna.

Mutum na iya dariya don ɓoye tsoro. Na karanta haka a wani wuri.

Laraba, 23 ga Fabrairu, bayan Magariba

Me ya kai shi wajen masu walda?

Juma'a, 25 ga Fabrairu, da hantsi

Gwaggo Zuliha ta zo ofis. Gonarta ce ta ƙarshe a wutsiyar kanal ɗin Tsamiya, inda ruwa ke isa a gajiye. Tun rasuwar mijinta ita ke noma ta, albasa da tumatir. Ta ƙi kujera, ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa, ta ƙare wa wayoyin da ke kan teburina kallo kamar mai duba kayan boka.

"Kai ne za ka kashe Hajiya?"

"Ritaya za ta yi, Gwaggo. Ta tsufa."

"Ni ma na tsufa. Zo ka yi mini."

Na fara yi mata bayanin ƙwaƙwalwa da girmanta. Ta ɗaga hannu.

"Ɗan nan, bar ni da karatunka. Kafin a kawo Hajiya kana ina? Makulli a hannun uban Fatihu yake. Wanda ya kai kwando ya sha da safe, wanda bai kai ba ya sha in an rage. Mu na wutsiya sai mu ga kanal ya jiƙe, mu ce yau an yi ruwa a garin wasu. Hajiya ce ba ta cin tumatir. Ba ta san ɗan wane ba. Lokacinka ya yi ta buɗe, ya ƙare ta rufe, ko kai ne hakimi."

Na ce ai yanzu akwai ƙungiya, akwai tsari.

"Akwai. Fatihu ya sa an ƙera sabon sitiyari, an yi masa fenti kore. Kwaɗon da ya saya ya kai kan jariri. Kwanduna har sun fara sallama a ƙofar gidansa, kai ma an ce an ɗanɗana maka."

Ta yunƙura za ta tashi, sai ta ƙara da cewa ita dai abin da za ta yi kewa har da gilashin.

"Wane gilashi?"

"Na kan akwatinta mana, mai kallon sama. Wurin shanya kauɗa ba kamarsa, ba ƙasa ba tsakuwa, yini biyu ta bushe ƙayau. Ciyaman ne ya nuna wa mata da sanyin nan, ya ce hukuma ta yarda."

Farantin sola. Suna yanka tumatir suna shimfiɗa shi a kan farantin sola, tun daga wannan gefe har wancan. Batir ya yi ta jiran rana, rana na can tana busar da kayan miya. Ba mamaki Hajiya ta suma.

Na raka ta har bakin titi. Na dawo na rufe ƙofa na zauna.

Juma'ar dai, bayan La'asar

Ban ce da gangan ya yi ba. Ba ni da shaida. Mai yiwuwa mutum ne mai tausayin mata da son tsabtar kauɗa.

Ni kuma mai yiwuwa jaki ne mai digiri.

Ya zage ni don a tsani na'urar. Na ji haushi na kashe masa ita, da Turancin bukukuwa, har da jan layi. Ya aiko da tukwici na ce biko ne.

Asabar, 26 ga Fabrairu, da safe

Ƙwaƙwalwa ɗaya ta rage mini irin ta Hajiya, a gwangwanin madara cikin durowa. Baƙar aba ce mai ƙafafu kamar kyankyaso, da 'yar tagar gilashi a gadon bayanta. Kafin a rubuta sabo sai an goge tsohon da ke ciki, kuma haske mai ƙarfi ne ke gogewa ta tagar nan. Fitila ta mutu. Amma abin da fitila ke yi kafin shayi ya huce, rana ma tana yi, in an ba ta kwanaki.

Na hau tsani na ɗora ta a kan rufin kicin, taga na kallon sama. Shi ya yi amfani da rana, ni ma zan yi. A ga wanda ta fi so.

Litinin, 28 ga Fabrairu, bayan Azahar

Na je wurin Taufiq na ce ina so in janye rahotona.

Ya cire tabarau. "Malam, na riga na tura sama. Har yabawa aka yi. Kai ka rubuta ba zai taɓa shiga ba."

"Na rubuta."

"Ka ja layi."

"Injiniya, na san abin da na ja."

"To yanzu me zan ce musu? Babban ma'aikacinmu ya yi kuskure?"

Na ce ya faɗa musu haka, da waɗannan kalmomin. Sun fi ɗaci a bakinsa fiye da yadda na zata, amma na haɗiye. Ya ce ba zai janye komai ba sai ya ga Hajiya ta tashi da sabon ladan da idonsa, kafin sha huɗu ga wata. In ba ta tashi ba, a kwance ta ranar, kuma wannan karon sunana ne zai hau takardar a matsayin wanda ya ɓata wa hukuma lokaci sau biyu.

Yaron yana da gaskiya. Abin haushin ke nan da yaran yanzu.

Laraba, 2 ga Maris, da yamma

Na hau rufi ban ga ƙwaƙwalwa ba. Na sauko da sauri.

"Saude! Wa ya hau kicin?"

"Au, ɗan ƙarfen nan? Na ga rana na dukansa, na ce lalacewa zai yi, na sauko da shi tun shekaranjiya. Yana cikin kwalla, na naɗe maka shi a tsumma."

Kwana biyu a inuwa, cikin tsumma, a lulluɓe kamar jaririn da aka yi wa kaciya. Na buɗe baki, na tuna ita kaɗai ce ta karanta kwandon tumatir daidai, na rufe.

"Na gode," na ce. "Amma wannan, rana ce maganinsa."

"Kai da shi duka," in ji ta.

Asabar, 5 ga Maris, da hantsi

Ina ta rage wa ladan ƙiba. Na cire duk abin da Hajiya ba ta buƙata. Na cire doguwar gaisuwar da Baturen farko ya sa tana bugawa duk sanda ta farka, har da sunansa da na garinsu. Allah ya ba shi haƙuri. Da wurin da na samu na koya mata abu ɗaya: in ta suma ta farfaɗo, kada ta zauna jiran a zo a gaya mata lokaci, ta tambayi agogon cikinta ta ci gaba da aiki.

Ba don Gwaggo Zuliha nake yi ba. Ina so wannan ya fito sarai, kada jikokina su ɗauke ni mutumin kirki.

Litinin, 7 ga Maris, bayan La'asar

Na gwada ƙwaƙwalwa. Rabinta ya gogu. Na mayar da ita rufi.

An ce Ciyaman ya yi wa sitiyarin gwaji, har da masu tafi.

Alhamis, 10 ga Maris, da rana

Ba ta gama ba. Ban taɓa jin haushin gajimare irin na yau ba, ɗan ƙarami ne kuwa, ya zo ya tsaya daidai kan kicin ɗina kamar an aiko shi.

Asabar, 12 ga Maris, bayan Azahar

Ta gogu tas. Na rubuta sabon ladan a ciki. Ya shiga, da ƙyar, kamar ƙafar yaro a takalmin Sallar bara. Ba ni da wata Hajiyar da zan gwada a kanta. Gwajin shi ne aikin.

Lahadi, 13 ga Maris, bayan Magariba

Mun isa Ƙofar Tsamiya da hantsi, ni da Taufiq. Ban gayyaci kowa ba, amma gindin tsamiya a cike, mutanen Janairu ne ba wanda ya yi fashi. Na fara da share farantin sola. Na kankare 'ya'yan tumatir da suka manne, na ɗaure masa ragar waya a sama.

Alhaji Fatihu ya iso, ana biye da shi da koren sitiyari, kwaɗo a hannunsa.

"Malam Sammani, ashe da kanka za ka yi mata sutura? Madalla. Haka ake son ma'aikaci."

"Dubiya na zo, Ciyaman."

Na kashe ta. Na zare tsohuwar ƙwaƙwalwa, na danna sabuwa, ina lura kada ƙafa ɗaya ta lanƙwashe. Na kunna.

Shiru. 'Yar fitilarta ba ta kama ba. Na ji wani ya yi tari a bayana, na ji ƙarar kwaɗo ana buɗe shi ana rufewa. Taufiq ya duba agogonsa. A cikin shirun nan na gama tsara yadda zan koma Kura da zama gaba ɗaya.

Sai fitilar ta ƙifta. Ta sake ƙiftawa. Injin ya yi gurnanin nan nasa na tsohon da aka tasa daga barci, ƙofa ta ɗaga, ruwa ya tafi. Sabon jadawalin, da muka kunna yau don gwaji, da wutsiya ya fara. Ba ni na tsara haka ba, amma da an tambaye ni da haka zan ce.

Gwaggo Zuliha ba ta yi guɗa ba, ba ta gode ba. Ta ɗauki fartanyarta ta bi ruwan da sauri, tana faɗa wa wani ya kauce mata.

Na jira. Na ba shi dama, ga jama'a, ga tsamiya, wuri ɗaya da na Janairu. Bai janye kalma ko ɗaya ba. Ya matso dai kusa da ni, yana murmushi don masu kallo, ya yi ƙasa da murya.

"Tsohuwa ce fa, Malam. Wata rana za ta kwanta ba ta tashi ba. Sitiyari kuwa ba ya ruɓewa."

"Haka ne, Ciyaman. A riƙa shafa masa mai."

A mota Taufiq ya ce zai janye rahoton, amma in sani babu wanda zai koyi wannan aikin bayana, shi ma ba zai sa kowa ba. Muddin ina nan, Hajiya na nan. Ranar da na tafi, ta tafi.

Na ce na ji.

Litinin, 14 ga Maris, da safe

Fatihu ya girme ni da shekara biyu, amma danginsu suna da nisan kwana, ubansa sai da ya ga tattaɓa-kunne. Na yi lissafin abin a hanyar masallaci.

Saude ta kawo shayi, ta ɗebo sukari kamar kullum. Na dafe bakin kofin.

"Rabin cokali. Daga yau."

"Lafiya, Baban Ilham?"

"Lafiya ƙalau. Ina da niyyar daɗewa ne, in Allah ya yarda."